Yaushe ne ake cewa filin wasa ya cika?



Duk wanda ya taso yana sauraron sharhin ƙwallo a rediyo, ko a Kumasi yake ko a Garwa ko a Yamai, ya saba jin cewa fili ya cika maƙil, babu masaka tsinke. Mukan karɓi maganar yadda ta zo, har mu yi alfahari da ita washegari a majalisa, domin a wurinmu cikar fili shaida ce ta girman ƙungiya da yawan masoyanta. To amma in aka tambaye mu mutum nawa ne suka cika shi, wane ne ya ƙidaya su, kuma da me ya auna, sai amsa ta yi wuya. A cikin shekaru ɗari da suka wuce ma'anar wannan cika ta sauya fiye da sau ɗaya, kuma kusan kowane sauyi ya biyo bayan ko dai jana'iza ko lissafin kuɗi.

Ya kamata labarin ya fara daga birnin Landan, ranar 28 ga Afrilu, 1923. A ranar ne aka buga wasa na farko a filin Wembley, wanda aka gama gininsa kwanaki kaɗan kafin nan, wasan ƙarshe na kofin FA tsakanin Bolton da West Ham. An gina filin domin ya ci mutum kamar 125,000, kuma masu shirya wasan sun ɗauka cewa wannan ya wadatar har ya yi saura, saboda haka ba su wajabta sayen tikiti tun gabanin ranar ba. Wanda ya zo ya biya a bakin ƙofa ya shiga. Kafin lokacin take wasa fili ya cika, aka rufe ƙofofi, jama'ar da ke waje kuma suka haura katanga suka ɓalle shinge suka kwararo ciki, har na gaba suka rasa wurin tsayawa sai kan ciyawar da za a buga wasan. Sai da 'yan sanda a kan dawaki suka yi ta tura mutane baya sannu a hankali kafin layin gefe ya bayyana, aka fara wasa bayan jinkirin kamar minti 45, Sarki George na Biyar yana zaune yana kallo. Doki ɗaya mai suna Billie shi ya fito fili a hotunan ranar, shi ya sa har gobe Turawa suke kiran wasan da sunan farin doki, ko da yake masana doki a cikinmu da sun gan shi ido da ido za su ce kili ne, hoton zamanin ne ya mayar da shi fari fat.

Adadin da aka rubuta a littafi na wannan rana shi ne 126,047. Babu wanda ya yarda cewa iyakarsu ke nan, masu ƙiyasi suna cewa sun kai 200,000, wasu har su kai shi 300,000. Ɗaruruwa sun ji rauni, kuma ikon Allah ne kawai ya sa ba a rasa rai ba. Daga shekarar da ta biyo baya aka mayar da wasan ƙarshe na kofin ya zama sai da tikitin da aka saya tun kafin ranar. Daga nan maganar ƙarewar tikiti ta fara samun nauyi a ƙwallon Ingila, domin an raba tsakanin wanda yake son shiga da wanda yake da izinin shiga.

Duk da haka tikiti bai warware matsalar ba, saboda yawancin 'yan kallon wancan zamani a tsaye suke kallo, a kan matattakalar siminti ko tudun ƙasa. Wurin tsayuwa kuwa ba shi da adadi tabbatacce. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa ranar jajibirin salla ya san cewa in an ce a matsa, wuri yakan samu. A 1937 mutum fiye da 149,000 suka kalli wasan Sikotland da Ingila a filin Hampden na birnin Glasgow. A ranar 16 ga Yuli, 1950, a filin Maracana na birnin Rio, Birazil ta kara da Urugwai a wasan da ya raba gardamar kofin duniya, tana neman kunnen doki kawai ta ɗauki kofi. Ita ta fara ci, Urugwai ta rama, sannan Ghiggia ya ƙara na biyu ana saura kamar minti 11 a tashi. Waɗanda suka biya kuɗi a ranar su 173,850 ne, amma lambar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce 199,854, domin akwai manyan baƙi da 'yan jarida da ma'aikata da waɗanda suka san wani a bakin ƙofa. Wasa ɗaya, lamba biyu, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta kai mutum 26,000. Wannan fili na Maracana yana nan a wurinsa, amma bayan an sa masa kujeru bai kai ya ci 80,000 ba. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014 mutum 74,738 aka sanar, kuma an ce ya cika.

Abin da ya rage waɗannan lambobi mutuwa ce. Ranar 2 ga Janairu, 1971, a filin Ibrox na Glasgow, bayan an tashi wasan Rangers da Celtic, jama'a suka danne juna a kan wata matattakalar fita, mutum 66 suka rasu. Binciken da ya biyo baya ya haifar da wani littafin ƙa'ida a 1973, wanda aka fi sani da launin bangonsa, wato koren littafi, sannan doka ta biyo a 1975 wadda ta wajabta wa manyan filaye mallakar takardar shaidar lafiyar gini. A ganinmu wannan littafi shi ne mafi muhimmancin abin da aka taɓa rubutawa a kan tambayar da muke yi, ko da yake kaɗan ne daga masoya ƙwallo suka taɓa jin labarinsa. Ya ce kada a auna fili da yawan wurin zama kaɗai. A lissafa mutum nawa wurin zama ko na tsayuwa zai ɗauka, a rage in ginin ya lalace ko masu kula ba su ƙware ba. A lissafa mutum nawa za su iya shiga cikin awa ɗaya, kuma kowace ƙofa mai juyawa, irin wadda ke shigar da mutum ɗai-ɗai tana ƙirgawa, ba a ƙiyasta mata fiye da mutum 660 a awa. A lissafa mutum nawa za su iya barin wurin zamansu su kama hanyar fita cikin minti takwas, sannan mutum nawa za a iya kwashewa in gobara ko wani hatsari ya taso. Lambar da ta fi ƙanƙanta a cikin waɗannan ita ce adadin da filin ke ci. Ke nan fili mai kujera 40,000 wanda ƙofofinsa ba za su fitar da fiye da 25,000 a kan lokaci ba, a idon wannan ƙa'ida ya cika tun da mutum na 25,000 ya shiga, ko da ana hango kujeru babu kowa.

Samun ƙa'ida daban, bin ta daban. Ranar 15 ga Afrilu, 1989, a filin Hillsborough na birnin Sheffield, Liverpool ta zo buga wasan kusa da na ƙarshe da Nottingham Forest. An ware wa magoya bayan Liverpool 10,100 masu tikitin tsayuwa ƙofofi bakwai kacal. Da cunkoso ya yi tsanani a waje, 'yan sanda suka ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofar fita, mutum kamar 2,000 suka shiga cikin 'yan mintoci, kuma yawancinsu suka bi ramin da ke gabansu, wanda ya kai su sassa biyu na tsakiya da aka kewaye da shingen ƙarfe, waɗanda tuni sun cika. Sassan da ke gefe kuwa akwai sarari a cikinsu. Mutum 96 suka rasu, na 97 ya cika a 2021 sanadiyyar raunin da ya samu a ranar. An daɗe ana ɗora wa 'yan kallo laifi, sai a 2016 kotun bincike ta wanke su. Abin lura a nan shi ne filin gaba ɗayansa bai wuce adadinsa ba, wani ɗan yanki ne a cikinsa ya wuce, kuma babu wanda yake ƙidayar wannan yanki. Rahoton alƙali Taylor na 1990 ya kawo ƙarshen tsayuwa a manyan rukunonin ƙwallon Ingila, zuwa 1994 kowane ɗan kallo yana da kujera mai lamba.

Da kujera ta zo, sai mutum ya ɗauka gardama ta ƙare, tun da kujera abin ƙirgawa ce. Sai wata ƙofar ta buɗe, wannan karon daga ofishin masu sayar da tikiti, kuma Amurkawa ne suka fi kowa gwanancewa a kanta. A gasar NFL, ta ƙwallon nan nasu da ake runguma a gudu da ita, ada ba a nuna wasa a talabijin a garin da ake buga shi, don kada mutane su zauna a gida. A 1973 majalisar ƙasar ta yi doka cewa in tikiti ya ƙare awa 72 kafin wasa, dole a nuna. Daga ranar kalmar ƙarewar tikiti ta zama kuɗi tsaba, domin tashar talabijin da masu talla duk suna jiran ta. In lokaci ya matso tikiti bai ƙare ba, ƙungiya ko wani kamfani yakan saye ragowar a kan kashi 34 cikin ɗari na farashi, a raba wa mutane ko a ajiye a aljihun tebur, a sanar cewa an sayar duka. A 2005 ƙungiyar birnin Jacksonville ta lulluɓe kujeru kusan 10,000 da tamfol, ta cire su daga lissafi, fili ya ƙanƙance a takarda, cika shi ya yi sauƙi. A 2012 aka yarda ƙungiya ta ɗauki kashi 85 cikin ɗari a matsayin ma'auni, a 2015 kuma aka jingine dokar baki ɗaya.

A birnin Boston, ƙungiyar Red Sox ta wasan ƙwallon sanda ta sanar da ƙarewar tikiti a wasanni 820 a jere, daga 2003 zuwa 2013, alhali 'yan jarida suna nuna hotunan kujeru babu kowa a shekarun ƙarshe. Ƙungiyar ba ta ɓoye ma'auninta ba: tikitin da ya bar hannunta take ƙirgawa, har da na kyauta da na tsayuwa. Jami'ar Nebraska tana lissafa nata jerin tun 1962, kuma a 2021 da ya kusa yankewa sai masu hannu da shuni suka saye ragowar tikitin aka raba wa yaran marasa ƙarfi. Wannan na ƙarshe ba za mu kushe shi ba, tun da yaran sun shiga sun yi kallo. A Ingila ma haka abin yake ta wata fuska. Mai tikitin kaka ana ƙirga shi ko ya zo ko yana gida yana jinya, kuma binciken da BBC ta yi a 2018 ya nuna cewa a filin West Ham tazarar da ke tsakanin adadin da ƙungiya ke sanarwa da wanda hukumar unguwa ta rubuta ta haura mutum 12,000 a wasa. A kofin duniya na Katar a 2022 abin ya juya: an sanar da mutum 67,372 a wasan buɗewa a filin da takardu suka ce yana cin 60,000, sai daga baya aka gyara takardun aka ce yana cin 68,895.

'Yan kasuwar hatsi a cikinmu ba za su yi mamaki ba, sun san mudun da aka shafe bakinsa da wanda aka yi wa tozo duk sunansu mudu, kuma mai saye ne ya kamata ya tambayi wanne ake nufi.

A nahiyarmu cututtukan biyu suna tafiya tare, tsohuwar da sabuwar. A gasar kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, an yi ta cewa tikitin wasan buɗewa ya ƙare, amma da aka take wasa a filin Ebimpe mai cin 60,000, waɗanda suka shiga ba su kai 40,000 ba. Tikiti yana hannun kamfanoni da ma'aikatu da 'yan kasuwar bayan fage, masu son kallo kuma suna waje. Shekara biyu kafin nan a Kamaru, da aka ga filaye sun yi fayau a wasannin farko, gwamnati ta rage lokacin aiki da na makaranta a ranakun wasa don mutane su samu zuwa. 'Yan uwanmu na Garwa, inda Najeriya ta buga wasanninta da Masar da Sudan da Gini Bisau kafin Tunisiya ta fitar da ita, sun ga wannan gasa da idonsu, kuma filinsu na Roumde Adjia yana cikin waɗanda suka fi samun jama'a. A ɗaya gefen kuma akwai filin Ellis Park na Johannesburg, inda a ranar 11 ga Afrilu, 2001, jama'a suka yi yawa fiye da kima a wasan Kaizer Chiefs da Orlando Pirates, mutum 43 suka rasu a turmutsitsi.

Ba a cika wata ɗaya da wannan ba abin ya zo gidanmu. Ranar Laraba, 9 ga Mayu, 2001, Hearts of Oak ta karɓi Asante Kotoko a babban filin wasa na Accra, birnin da iyayenmu ke kira Ankara. Kotoko ce ke gaba da ci ɗaya, sai Ishmael Addo ya zura biyu a ƙarshen wasa. Wasu magoya bayan Kotoko da suka ga kamar an zalunce su suka fara ɓalle kujerun roba suna jifa da su. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a. Dubban mutane, idanu na zafi numfashi na sarƙewa, suka nufi matattakalar sauka gaba ɗaya, suka tarar da hanya ƙunci ce kuma ƙofofi a kulle. Mutum 126 suka rasu, wasu lissafin suna cewa 127, kuma kafin wannan rana ba a taɓa rasa rayuka masu yawa haka a filin ƙwallo ba a duk faɗin Afirka. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan zango ne, daga Nima da sauran unguwanninmu, samari da suka fita kallo da la'asar, iyaye suka je neman gawarsu a asibitin soja. Allah ya jiƙan su da rahama, ya ba iyalansu haƙuri.

Shugaba Kufuor ya ayyana zaman makoki na kwana uku, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Sam Okudzeto. Kwamitin ya ɗora mafi yawan laifi a kan 'yan sanda, ya kuma yi magana a kan yanayin ginin da rashin shirin agaji. An gurfanar da jami'ai shida, kotu ta sallame su a 2003. Abin da ya sa muka kawo wannan rana cikin tarihin ƙidayar 'yan kallo shi ne, in aka ɗauki ma'aunin koren littafin nan aka aza a kan filin Ankara na wannan yammaci, tambayar ko tikiti nawa aka sayar ba ta da wani amfani. Ƙofar da ke kulle mutum sifili take fitarwa a minti takwas. Da wannan lissafi ɓangaren da mutanen suka mutu a cikinsa ya wuce adadinsa tun kafin alƙali ya hura usur na farko. Mun san dalilin da ya sa akan kulle ƙofa a filayenmu: don hana waɗanda ba su biya ba su shigo, wato don kare kuɗin ƙofa. Kuma mun san cewa a cikin masu haura katanga da masu cusa wa mai gadi ɗan abin goro akwai namu, domin in za a faɗi gaskiya sai a faɗe ta duka. An sake gina filin kafin gasar kofin Afirka ta 2008, kamar yadda aka gyara na Kumasi mai ɗauke da sunan Baba Yara, kowannensu yana cin kamar mutum 40,000 a zaune. Sai dai a ranar babban wasa har yanzu mukan ga mutane zaune a kan matattakalar da aka tanada don fita, mai sharhi kuma yana yabon cikar fili.

Wani kuma da ya girgiza mu shi ne na Yawunde, ranar 24 ga Janairu, 2022, lokacin da Kamaru ta kara da Komoros a sabon filin Olembe. Filin yana da kujera 60,000. Saboda annobar korona an ƙayyade cewa kashi 80 cikin ɗari kawai za a bari su shiga wasannin mai masaukin baƙi, wato 48,000, saboda haka ta lissafin kujera akwai wurin mutum 12,000 da ba za a taɓa ba. Amma jama'a suka taru a ƙofar kudu ana binciken tikiti da takardar rigakafi a hankali, lokacin wasa yana matsowa, na baya suna turo na gaba. Mutum takwas suka rasu a bakin ƙofa, cikinsu har da yaro, ba tare da sun ga ciyawar filin ba, wasan kuma aka buga shi har ƙarshe, Kamaru ta ci biyu da ɗaya. Shugaban hukumar ƙwallon Afirka, Patrice Motsepe, ya faɗa washegari cewa akwai ƙofar da ya kamata a ce a buɗe take amma aka same ta a rufe. Aka ɗauke wasan da ke biye daga Olembe aka kai filin Ahmadu Ahijo, kuma ba a dawo ba sai da hukumomin Kamaru suka ƙara hanyoyin shiga da yawan masu tsaro. A can aka buga wasan ƙarshe ranar 6 ga Fabrairu, Senegal ta doke Masar a bugun fenareti, kujerun kuma ba a ƙara ko ɗaya ba, ba a rage ba.